Motar Da Ta Tsere Wa Makara

An yi wani sarki a Birnin Dargaza, ana ce masa Sarki Bawale, a wannan zamani namu da waya ta shiga aljihun kowa, har ya zama labari yana riga mai shi isa gida. Mutum ne mai haƙurin sauraro, kuma yana da waziri mai suna Hambali, wanda Allah ya hore wa ilimin shari'a da sanin halin jama'a, ga shi ba ya gaggawar buɗe baki.

A birnin akwai wani gidan sayar da motoci da ake kira Gidan Barmo. Marigayi Alhaji Barmo da ya kafa shi yana da wata al'ada: duk motar da ya sayar sai ya sa an ɗaure mata wani ɗan faranti na tagulla a baya mai ɗauke da sunansa, sannan ya karɓi alkawari daga bakin mai saye cewa in ya haɗu da masu jana'iza a hanya zai tsaya, ya fito, ya sa kafaɗarsa a makara ko da taku kaɗan ne. Direbobin haya suka riƙe wannan alkawari, har ta kai in tsohuwa ta zo tasha sai ta zagaya bayan mota ta ga farantin kafin ta yarda ta shiga.

Alhaji ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, Ma'azu, bai taɓa barin gari ba. Ƙaramin, Lurwanu, ya yi shekaru a ƙasar waje yana karatun talla, ya dawo ya tarar da komai yadda ya bar shi: benci ɗaya, mutane ɗaya, gaisuwa ɗaya mai tsawo. Ya ku masu karatu, wanda bai taɓa daɗewa a waje ya komo ba, ba zai san wannan ƙaiƙayi ba, inda mutum yake jin garinsu ya yi masa kaɗan kamar rigar ƙuruciya. Ni dai ba na wanke shi, amma na san abin da ya cije shi.

Lurwanu ya ce gidan yana barci, kuma sunan da ba a faɗa a waya mataccen suna ne. Sai ya ɗauki sabuwar mota da masu ɗaukar hoto, suka laɓe a hanyar maƙabarta da damina. Da masu jana'iza suka taho, sai ya sa direba ya taka wuta ya wuce su da oda, tayoyi suka watsa musu ruwan taɓo. Aka ɗora wa hoton bidiyon kiɗa, aka rubuta a ƙasa: "Motar Gidan Barmo, ba ta jiran kowa." Kafin mako ya zagayo babu wayar da abin bai shiga ba, masu dariya na yi, masu tsinuwa na yi, kowa na tura wa na gaba.

Rigima ta tashi tsakanin wa da ƙane a kan wanda zai riƙe ragamar gidan, dangi suka kasa raba su, sai aka kai maganar fada.

Lurwanu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kafin in dawo, sunan mahaifinmu bai tsallake kogi ba, yau kuwa ana ambatonsa a garuruwan da bai taɓa jin labarinsu ba. Wanda ya zage ka ya riƙe sunanka, kuma ran da ya tashi sayen mota, sunan da ya riƙe shi zai fara faɗo masa. Cikin makonnin nan 'ya'yan manya sun zo sun saya, Yaya yana nan, ya musa in ƙarya nake."

Ma'azu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarya ya yi ba. Wasu samari sun zo sun saya. Amma direbobin da muka gada daga Baba, tun ranar ban sake ganin ƙeyar ko ɗaya ba."

"Za su dawo, Yaya," in ji Lurwanu. "Fushin mutanen garin nan ai bai wuce kasuwa biyu ba."

"Kai da ka manta hanyar gidan Gwaggo, kai ne za ka gaya mini fushin mutanen garin nan?"

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya dubi waziri ya ce, "Waziri, ga mutum biyu, kowannensu gaskiya ya faɗa. Suna ya yaɗu, an yi ciniki, an kuma rasa ciniki. Ina so ka gaya mini, wannan talla riba ta jawo wa gidan ko hasara, domin wanda hujja ta tsaya a gefensa shi zan danƙa wa amanar gidan."

Waziri ya sunkuya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da aka auna da baki, baki zai iya rushe shi. A yi mini izini in zagaya gari, in dawo da abin da hannu zai taɓa."

Waziri ya shiga tashoshin mota, ya bi ta garejin makanikai, ya leƙa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Ranar da aka sake zama sai ya shigo, dogari na biye da shi ɗauke da kwando a rufe, wata tsohuwa kuma na dogara sanda a bayansu.

Ya ce, "Allah ya taimaki sarki, na je tasha don in ga motocin Gidan Barmo, sai na rasa ko ɗaya. Na yi mamaki, domin na san rabin motocin tashar nan daga can suka fito. Da na zagaya ta baya sai na ga da yawansu da 'yan huji biyu a inda faranti yake a da." Ya yi wa dogari ishara, dogari ya kifar da kwandon. Farantan tagulla suka zubo a gaban sarki da ƙara, kowanne da sunan Barmo, wasu a lanƙwashe saboda gaggawar ɓamɓarewa.

"Direbobi ne suka cire da hannunsu," in ji waziri, "domin fasinja ya daina shiga motar da ke ɗauke da shi. Wani ya ce mini, 'Ranka ya daɗe, motar lafiyarta lau, sunan ne ba ya tafiya.' Na tambayi samarin da suka saya kwanan nan, su kuma don a nuna su a titi suka saya, kuma tuni hankalinsu ya koma kan wani sabon abin kallo. Saboda haka Lurwanu ya yi gaskiya da ya ce sunan ya yi nisa. Ga iyakar inda ya kai: a kan sikelin 'yan gwangwan na same shi."

Lurwanu ya buɗe baki zai yi magana, sai waziri ya ce, "Dakata, ɗana, da saura. Mun yi ta lissafin wanda ya saya da wanda bai saya ba, mun manta da wanda aka sayar. Wannan baiwar Allah sunanta Tabawa. Mijinta ne a cikin makarar."

Tsohuwa ta durƙusa da ƙyar. Ba ta dubi sarki ba, Lurwanu ta duba. Ta ce, "Ɗan nan, bargon da aka lulluɓe Malam da shi, ni na miƙa shi da hannuna, wanda yake rufa da shi ne. Da aka dawo mini da shi na gan shi duk taɓo, na ce ko santsi ne ya kwashe su a hanya, na wanke, ban tambayi kowa ba. Ina cikin takaba maƙwabciyata ta zo da waya tana cewa, 'Iya, kin ga abin da ake ta yi wa dariya?' Na gane bargona. Mutumin da ko rediyo ba ya ƙure wa murya, yau shi ake kaɗa wa ganga. Ni ban zo neman komai ba. Ka cire shi kawai daga wayoyin mutane, ya kwanta."

Lurwanu ya dubi farantan, ya dubi tsohuwar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Iya, ba ya ciruwa."

"To me ka koyo a can ƙasar wajen?" in ji ta.



Sarki ya yanke hukunci: Ma'azu ya riƙe gidan, a kwashe farantan a ba shi, kada kuma a mayar da ko ɗaya jikin mota sai direba ya zo da ƙafarsa ya nema. Lurwanu kuwa ya je ƙofar gidan Tabawa ya nemi gafara a gaban mutanen unguwa, sannan duk jana'izar da aka yi a birnin har damina ta zagayo, a gan shi a cikin masu ɗaukar makara. Sarki ya tuɓe alkyabbar da ke jikinsa ya yafa wa waziri, ya ce, "Na tambaye ka riba da hasara, ka kawo mini har da wadda na manta in tambaya."

An ce a jana'izar farko da Lurwanu ya je, ya yi ta matsawa zai karɓi makara, duk wanda ya kusanta sai ya gyara kafaɗa ya ƙi saki, har aka kai maƙabarta hannunsa bai taɓa itacen ba. Farantan na nan a kwando a Gidan Barmo wurin Ma'azu, sun fara yin kore. Hoton kuma har yau yana yawo.

Da aka kai wa sarki wannan labari, sai ya ce wa waziri, "A riƙe wannan daga gare ni: duk cinikin da za a auna, a fara da haƙƙin wanda ba a nemi izininsa ba, domin adalcin da ya zo bayan an gama dariya, hukunci kawai yake iya yi, ba ya iya mayar wa mamaci suturarsa."