Kwanon da Aka Kai wa Na-Iya a Rufe

Akwai wani kafinta da 'yan layinsu ke kira Na-Iya. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Famfo ya lalace, "Na iya." Fanka ta tsaya, "Na iya." Ko agogon bango ne ya mutu sai ya kwance shi, in ya mayar kuma sai an tsinci rarar noti biyu a kan tebur.

Matarsa kuwa mai kunya ce, maganarta ba ta da yawa. Mahaifiyarsa da suke zaune tare, wadda kowa ke kira Mama, takan ce, "Wannan 'yar tawa, bakinta a ido yake."

Ranar da Na-Iya ya shigo da motarsa ta farko, tun daga kwanar layi yake danna hon. Tsohuwa ce, ja, ƙofar baya ma sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Amma wa ya damu? Mama ta fito ko takalmi babu, tana shafa gilashi tana sa albarka. Matar ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu, murmushi ya ƙi barin fuskarta.

Sati bai cika ba sai ga waya. Auta, ƙanwar Na-Iya da ke aure a wani gari mai nisan awa huɗu, ta sauka lafiya. Namiji. Jikan Mama na fari.

Mama ta daɗe ba ta yi tafiya ba, don gwiwoyinta ba sa jure matsin motar haya. Ta miƙe tsaye ta ce, "Gobe zan ga jikana. Kuma a motar ɗana zan je, in miƙe ƙafata yadda nake so!"

Gida ya kaure da shiri. Ana guga, ana ɗaure kayan jariri, ana neman ɗayan takalmin Mama na fita.

Shi kuma Na-Iya ya ce ba za a hau dogon titi da tsohon baƙin mai a inji ba. Ya sayo galan sabo. Yana dawowa, Baba Bakanike da ke da gareji a tsallaken gidansu ya hango shi.

"Ɗana, turo ta nan in canza maka. Minti ashirin ne."

"Baba, ku huta haka nan. Zamaninku ya wuce, yanzu waya ce malamar kowa. Na iya!"

Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Na-Iya ya ɗaga mota da jak, ya shige ƙarƙashi yana waƙa. Matar ya ba wayar ta riƙe masa, ana nuna yadda ake yi a bidiyo. Ya kwance notin da ke toshe ƙofar mai a ƙasan inji, tsohon mai ya tsiyaye a roba. Har nan komai daidai.

Wajen mayar da notin ne ta lura da wani abu. Mutumin cikin wayar da yatsunsa ya fara murɗawa a hankali. Na-Iya ya ce, "Wuce nan, surutu ne," ya kafa sifana tun daga juyin farko. Notin ya yi gardama, ya danna. Ya ƙara gardama, sai ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar don ta yi tsawo, ya ja da ƙarfinsa na kafinta.

Sai ta ji "ƙat."

Daga nan sifana ta shiga zagayawa sakwaf, ba abin da ke riƙe ta. Waƙar ma ta tsaya.

"Maigida, lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ɗauru."

Ya zuba sabon mai, ya sauke mota, ya wanke hannu ba tare da ya dubi kowa ba.

Da yamma tana sharar tsakar gida sai ta ga ɗigo a ƙarƙashin motar, bai fi maɓallin riga ba. Ta nuna masa. Ya ce, "Ragowar da ta zube ce. Ke dai ki ji da tsintsiyarki."

Ta ɗauko wani ƙaramin kwano mai murfi, ta tura shi daidai wurin ɗigon, ta ci gaba da shara.

Washegari da sassafe ta jawo kwanon. Mai ya kai rabi, sabo fil, yana ƙyalli.

Jama'a, ku duba halin da baiwar Allah nan ta shiga. Mama ta yi wanka tun da duku-duku, ta sha ado, tana zaune a falo da jaka a cinya. Maƙwabta biyu sun shigo ba da saƙon gaisuwa. In ta yi magana a gabansu, ta kunyata mijinta. In ta yi shiru, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta hau titin awa huɗu a motar da ke zubar da mai.

Ta tsaya a kicin da kwanon a hannu. Can sai ta goge bayan kwanon tsaf, ta rufe shi da murfinsa, ta ɗora a faranti kusa da shayi da burodi. Ta ratsa falo ta gaban kowa, ta shiga ɗaki.

Na-Iya na gaban madubi cikin fararen kaya, yana fesa turare.

"A'a, yau har da na musamman? Mene ne a ciki?"

"Naka ne kai kaɗai."

Ya buɗe yana washe baki. Bakin ya tsaya a buɗe.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce, "Ɗan wannan? Ai sai mu riƙe galan, muna ƙarawa a hanya."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta fita ba.

"Maigida, wannan fa mota na tsaye ne ya zuba. Ina ga ta ɗau zafi, ta shiga gargada? Ni ban san mota ba. Amma na san murfin kwalba in ya daina kamawa, girgiza ɗaya yake jira. Kuma Mama ce a ciki."

Ya zauna a bakin gado. Ya sake kallon kwanon.

"Baba zai yi mini dariya."

"Zai yi," in ji ta a hankali. "Amma a ƙofar gida zai yi, Mama na zaune a inuwa."

Na-Iya ya cire fararen kaya, ya sa na aiki, ya tsallaka titi kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa.

Ba a jima ba sai ga Baba Bakanike da akwatin kayan aikinsa, dariya na cinsa tun daga ƙofa.

"Injiniya! Yaya, cajin malamar taka ne ya ƙare?"

Aka ɗaga mota, aka tara roba mai tsabta. Baba ya kwanta, ya kama notin da yatsu biyu kawai, sai ga shi ya zaro a hannunsa, mai ya biyo baya. Ya ɗaga notin sama. Wani siririn ƙarfe fari ya nannaɗe shi kamar zare.

"Ka ga wannan? Haƙoran ramin da notin ke shiga ne ka cinye. Ƙarfen wurin laushi gare shi, ba katako ba ne da za ka yi ta danna ƙusa. Da kun hau titi, wani rami ɗaya za ku faɗa ya fice, mai ya tsiyaye tas, inji ya ƙone. Shi ke nan sai labari."

Hayaniyar ce ta fito da Mama, maƙwabta na biye da ita.

"Me ake ciki? Rana na yi fa."

Na-Iya ya sosa ƙeya. "Mama, ni na yi ɓarna jiya. Na ɓoye."

"Ai na sani," in ji Mama. "Tun da na ji ka daina waƙa. Kai tun kana rarrafe, in ka yi shiru to wani abu ya fashe. Baba, zan ga jikana yau ko ba zan gani ba?"

Baba ya ce hanya biyu ce. Ko a kwance kwanon man inji gaba ɗaya a nemo wani, wannan aikin yini guda ne. Ko kuma a yanka wa ramin sababbin haƙora, a sa noti mai ɗan girma. Ya zaro wani ƙarfe mai kama da noti, amma gefensa da kaifi.

"Sai dai sau ɗaya ake yi. In ya karkace, tafiyar yau ta fasu. Ni zan kafa shi ya miƙe, Injiniya ne zai juya. Hannun da ya ɓata shi zai koya."

Mama ta ce a kawo mata kujera. Tana zama wayarta ta yi ƙara, Auta ce.

"Mama, kun taso? Kuna ina yanzu?"

"Muna ƙarƙashin mota, 'yar nan. Ki ce wa maigidan nawa ya ƙara haƙuri."

Baba ya lakuto giris ya shafe ƙarfen da shi, don ɓarɓashin da za a yanko ya manne a jiki kada ya faɗa cikin inji. Ya kafa shi, ya duba ta hagu, ya duba ta dama, sannan ya ɗora hannun Na-Iya a kai.

"Rabin juyi gaba, kwata baya. Kada ka danna. Bar shi ya ci da kansa."

Matar ta durƙusa tana haska musu da fitilar waya. Tana ganin gumi na bin wuyan mijinta.

"Rabi gaba," in ji Baba.

"Kwata baya!" maƙwabta suka amsa daga waje.

Kafin ka ce me, abin ya zama kamar waƙa. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Mama ma tana buga sandarta a ƙasa. Rabi gaba! Kwata baya! Rabi gaba!

Can sai ƙarfen ya cije. Ya ƙi gaba.

Matar ta ga hannun Na-Iya ya soma lalubar bututun ƙarfen nan na jiya da ke yashe a gefe. Yatsunsa suka taɓa shi, suka ɗan dakata, sai ya janye hannun.

"Baba, ya yi tauri. Yaya zan yi?"

Baba ya leƙo da kansa waje ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida! Yau Injiniya ya yi tambaya!"

Tsakar gida ta fashe da dariya, har shi Na-Iyan.

Ashe ɓarɓashi ne ya cushe. Suka warware ƙarfen a hankali, suka goge, suka sake shafa giris, suka mayar. Wannan karon ya tafi sumul har ƙarshe. Baba ya sa aka zuba ɗan mai ta sama ya wanko ramin, sannan ya miƙa wa Na-Iya sabon noti da sabuwar washa, ɗan zoben da ke hana yoyo.

"Da yatsu tukuna. In yatsu ba su kai shi ba, sifana ba gyara za ta yi ba."

Notin ya shige kamar an shafa masa zuma. Na-Iya ya ɗan ƙara da sifana, Baba ya buge masa hannu. "Ya isa! Ba faɗa kuke ba."

Matar ta kawo farin ƙyalle aka tace man aka mayar, aka cike da sauran na galan. Aka sauke mota. Baba ya ce a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, a tayar da inji minti goma.

Ban taɓa jin minti goma mai tsawon wannan ba. Manya da ƙanana duk an duƙa ana leƙe. Mama da ciwon gwiwarta ta dafa kafaɗar surukarta ta sunkuya.

"'Yata, idonki ya fi nawa. Me kika gani?"

"Ba komai, Mama."

"Sake dubawa!"

Baba ya jawo takardar ya ɗaga ta sama. Fara fat, ko ɗigo babu.

Ihu da tafi har tsallaken titi. Na-Iya ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Baba, ka yafe mini maganar jiya."

"Tafi ka kai uwarka, Injiniya. In kun dawo ka zo ka gyara mini benci, wannan dai na san ka iya."

Mama ta shige baya ta miƙe ƙafafu a kan kujera, tana ɗaga wa kowa hannu. Awa huɗu tana ba da labarin ranar da ta haifi Auta, motar na tafiya lafiya lau.

Suna isa, Auta ta fito da jariri a hannu, Mama ta manta da sanda a mota. Ta rungume jikanta tana hawaye tana dariya. Da ta waiga don ta nuna wa ɗanta, babu shi babu matarsa.

Suna can gindin mota a durƙushe, shi ta dama ita ta hagu, kowa na leƙen ƙasa. Busasshe ƙayau. Suka haɗa ido ta ƙarƙashin motar, dariya ta kama su.

Mama ta ɗaga murya daga ƙofa. "Ku biyun nan! Jikana muka zo gani ko cikin mota? Ita ma haihuwa ta yi?"

Darasi: Ba kowane abu ne ƙarfi ke ɗaurewa ba, wani in ka matsa masa sai ka cinye abin da ke riƙe da shi. Cewa "ban sani ba, yaya zan yi?" ba ya rage wa mutum komai, ɓoye kuskure ne ke jawo babbar asara. Kai kuma da ka ga kuskuren naka, kada kunya ta sa ka yi shiru, amma ka kai masa gaskiyar a rufe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wani Na-Iya da kuka sani.