Giyar Ƙofar Farko

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan kogin namu, sunansa Ngadan. Ranar bikin girbi yana cikin kwalekwale, ya nufi dogon gidan surukansa, mai ƙofofi a jere, kowace ƙofa da iyalinta. Buhun sukari, gishiri, zane, takalman yarinya. Abin da ya ɗauko ke nan.

Giya ce ta raba shi da matarsa Banun, ta koma gun ubanta da 'yarsu. Ya tafi aikin katako, ya daɗe bai sha ba. Sai ta aiko masa cewa ya zo bikin, in ta ga ya canza za ta bi shi gida.

A hanya mai tuƙi ya tambaye shi yadda zai yi da giyar shinkafar da ake ba baƙi a bikin. Ya ce kofi ɗaya zai sha don girmamawa, ya ajiye. Kuma har zuciyarsa yake nufi.

Kun san yadda muke karɓar baƙo. Kowace ƙofa da tulunta. Wanda ya taɓa kofi da yatsa a ƙofar farko ya ce ba ya sha, sai a ƙyale shi har ƙarshen gida. Amma dole sai mutum ya buɗe baki ya ce giya ta fi ƙarfinsa, a gaban surukai. Kunya ta hana Ngadan. Ya sha.

A ƙofa ta biyu ya ɗaga hannu zai ƙi. Kawun Banun, mai ƙofar, ya yi dariya.

"Kai ɗana, ta maƙwabcina zuma ce, tawa ruwan wanki?"

Ya sha. A ƙofar gaba ma an matsa masa. Daga nan kuwa ba wanda ya sake roƙonsa, shi ke miƙa kofi.

Ƙarya ya yi a kwalekwale? A'a. Mai hankali ne ya yi alkawarin, amma wanda aka bar wa cikawa ya riga ya sha. Wani yana shan ɗaya ya tashi. Mai wannan ciwo kuwa, ɗayan ne ke tayar da ƙishin. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ƙin na farko.

Da la'asar 'yarsa ta rugo ta rungume shi. Ya ɗora ta a wuya don murna, ya nufi tsanin da ake sauka daga gidan, zai kai ta bakin ruwa. Ƙafa ta zame. Shi ya tashi da ƙujewa, yarinyar ta karye a cinya.

Da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakin su Banun yana kuka, yana rantsuwa daga yau kofi ɗaya kawai. Banun ba ta zage shi ba.

"Uban 'yata, na san ba ka da mugunta. Amma har yanzu ɗaya kake cewa. Ba za mu bi ka ba."

Ta rufe ƙofa.

Allah ya kiyaye mu, masu sha da masu zubawa.