Zaren da Bushiya Ta Ɗaura wa Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ke Tabawa, saki zanen yayarki tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Yauwa.

Wata Bushiya ce ke zaune a gindin wata tsohuwar tsamiya, ita kaɗai. Ba mugun hali gare ta ba, ƙayar jikinta ce ta kore mata jama'a, kowa sai ya gaishe ta daga nesa ya wuce. Ran nan da farkon damina sai ga Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ta yi sheƙa. Ita kuwa ƙafa doguwa, baki dogo, ina ruwanta da ƙaya? Kafin a gama noman fari sun ƙulla ƙawance. In Shamuwa ta kamo fara sai ta kawo wa Bushiya, in Bushiya ta tono tsutsa sai ta ajiye wa Shamuwa. Bushiya ta ɗauki son duniya ta ɗora wa ƙawarta, har in Shamuwa ta daɗe a fadama sai abinci ya ƙi wuce mata.

Kwanci tashi gero ya nuna. Shamuwa ta ce lokacin tafiyarsu ya yi, don su ba sa yin rani a ƙasar nan, amma da ruwan fari za ta dawo. Bushiya maganar tafiyar kawai ta ji, ta dawowar ko kunnenta ba ta shiga ba.

Tana kuka a bakin hanya sai ga Gizo da tsamin bakinsa.

"Shannu baiwar Allah, wa ya mutu?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Gizo ya ɗaga kai ya dubi cinyoyin Shamuwa a kan sheƙa, ya haɗiye miyau, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta riƙa yayyafa ruwa a gindin tsamiya kafin gari ya waye. Bushiya ta yi haka. Shamuwa ta farka ta ji ƙamshin ƙasa, ta ce ashe damina da saura, ta ƙara kwana uku. Garken farko na 'yan uwanta ya wuce.

Da dabarar ta ƙare Bushiya ta koma wurin Gizo. Ya ce ta kwanta ciwo. Ta kwanta tana nishi, Shamuwa ta sauko ta tare a bakin raminta tana jinya, ta ƙara kwana uku. Garke na biyu ya wuce.

Karo na uku Gizo ya ba ta zarensa, siriri har ido ba ya ganinsa, amma ya fi jijiya ƙarfi. Shamuwa na barci Bushiya ta ɗaura mata shi a gwiwa, ta ɗaure ɗaya bakin a saiwar tsamiya. Da garke na uku ya zo wucewa, Shamuwa ta yi sallama ta buɗe fiffike, sai ta faɗo tim. Ta sake, ta faɗo. Ta sake, ta faɗo. Ta ce, "Ƙawata, ƙarfina ya ƙare, ban san me ya same ni ba." Bushiya ta sunkuyar da kai ta ɓoye mata zancen zaren. Ni dai nan ne na ji haushinta, ba na ɓoye muku.

Fadama ta bushe, kwaɗi suka shige ƙasa, fara ta yi wuya. Shamuwa ta rame, gwiwarta ta kumbura, hira ta mutu. Ga ƙawa dai a kusa dare da rana, amma Bushiya ba ta taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba.

Ran nan sai ga Ƙoƙi matar Gizo ta zo aron tukunya. Ƙoƙi kun san bakinta ba ya riƙe magana. Aka ba ta ƙarama ta ce ta yi kaɗan, aka ba ta matsakaiciya ta ce ta yi kaɗan.

"Wai me za ki dafa ne, maƙwabciya?"

"Oho, malam ne ya ce in samo wadda za ta ci tsuntsu mai dogayen ƙafafu, yau da la'asar zai kawo."

Nan Bushiya ta gane Shamuwa ake nufi. Ta ruga wurin Shamuwa ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta faɗi duk abin da ta yi, tun daga yayyafin ruwa, tana kuka. Shamuwa ta dube ta ta ce:

"Na ce miki zan dawo, ƙawata. Maganata ce ba ki yarda da ita ba."

Bushiya ta shiga raminta. Ta kwaso 'yar busasshiyar farar da ta ɓoye don rani ta zube mata duka, ta ce ta ci ta tafi. Shamuwa ta ci, ta yi tsalle ɗaya, biyu, a na uku iska ta ɗauke ta. Bushiya ta dunƙule a gurbin Shamuwa, ta ja ganye ta rufa. Da la'asar Gizo ya lallaɓo ya kai cafka da hannu biyu. Ihun da ya yi har a ƙauyen gaba an ji shi.

Rani ya yi tsawo. Da farko Bushiya kuka take kullum, ta tabbata ta rasa ƙawarta har abada. Da kukan ya ishe ta sai ta fara fita. Ta gaida Kurege, ta taya Kunkuru sussuka, ashe da yawansu ba gudunta suke ba, ita ce ba ta taɓa zuwa ba.

Rannan hadari ya taso daga gabas, aka yi yayyafi na gaske. Bushiya ta fito shaƙar ƙamshin ƙasa, sai ta ji motsi a kan tsamiya, sai ga fara ta faɗo gabanta. Ta ɗaga kai, sai ga Shamuwa.

"Ƙawata, mun same ku lafiya?"

Bushiya ta yi ajiyar zuciyar da ta riƙe wata shida, ta zauna ta yi dariya har da hawaye. Da kaka ta sake zagayowa kuwa, ita da kanta ta haɗa wa Shamuwa guzuri ta raka ta bakin fadama. In kun ga jan nan a gwiwar shamuwa, to gurbin zaren ne.

Kun ji dai. Wanda kake so ba a ɗaure shi, yarda ce igiyarsa. Mai son ka da ƙafarsa zai dawo, wanda ka ɗaure kuwa ko yana gabanka ka rasa shi. Tabawa, gobe in yayarki za ta koma makaranta, raka ta za ki yi da dariya.

Kungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, ku tambayi Gizo in hannunsa ya warke.