Littafin Gado a Gaban Majalisar Amana

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan. Wannan labarin sai an ji shi daga farko, don idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wata kwalejin horar da malamai satar amsa ta yi ƙamari, har ta kai ana caje ɗalibi a ƙofar ɗakin jarrabawa kamar wanda aka kama da kayan wani a kasuwa. A cire masa hula, a duba tafin hannunsa, mata kuma a ja su gefe a lalube mayafi. Wanda aka kama da wanda aka zarga duk hukuncinsu ɗaya ne, kora. Da abin ya ishi ɗalibai sai suka je wa shugaban kwalejin da roƙo, a bar su su kafa majalisarsu, su riƙa binciken junansu. Ya daɗe yana kallonsu ta saman tabarau kafin ya amince. Ba yarda ya yi da su ba, so yake ya ga inda za su kife.

Suka sa mata suna Majalisar Amana, sunan da ya yi mata yawa a lokacin, domin babu wanda ya amince da wani. Malamai na ganin ɗalibai sun samo hanyar rufa wa juna asiri. Ɗalibai na ganin 'yan majalisar 'yan rahoton hukuma ne. Su kansu 'yan majalisar kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon gefen ido, shi ya sa suka raba aikin gida uku don kada ya taru a hannun mutum ɗaya. Kwamitin karɓar ƙara suka ba Nafi'u, kwamitin bincike suka ba Saratu, kwamitin sauraro da yanke hukunci suka ba Mudassir. Suka kafa ƙa'idoji. Ƙarar da ta shiga rajistar majalisa ta fita daga hannun hukuma. Mai bincike ba ya fita shi kaɗai, sai su biyu. Masu sauraro kuwa ba sa neman hujja da kansu, abin da aka kawo musu shi za su duba.

Ƙara ta farko mai nauyi a kan Barira ta faɗo.

Barira 'yar shekarar ƙarshe ce a sashen labarin ƙasa, 'yar manomi, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare. Jarrabawa ɗaya ta rage tsakaninta da takardar shaidar malanta. Da malaminsu, Dakta Isiyaku, ya zauna duba takardu, sai ya tarar amsarta ta tambaya ta uku iri ɗaya ce da ta wani Sabi'u, kalma da kalma, shafi biyu cur. Har kuskurensu ɗaya: dukansu sun rubuta cewa ƙasar jigawa ta fi ta fadama riƙe ruwa. Aka duba tsarin zama, aka ga Sabi'u ne a gaba, Barira a bayansa daidai. To, na gaba dai ba shi da ido a ƙeya.

Barira ta san ba ta leƙa takardar kowa ba, ba ta ma taɓa magana da Sabi'u ba. Abin da ta yi shi ne abin da ta saba yi tun tana makarantar Islamiyya, wato hadda. A kwalejin akwai wata al'ada: ɗalibin da ya gama wani darasi yakan miƙa littafin rubutunsa ga na bayansa, ana ce da shi littafin gado. Barira ta gaji wani tsohon littafi mai ƙyallin maiƙo, ta haddace shi tun daga bango har bango, har da kuskuren. Ita da ta tashi a gona ta fi kowa sanin wace ƙasa ce ke riƙe ruwa, amma a ɗakin jarrabawa hannunta ne ya yi aiki, ba kanta ba. Kashegari ta miƙa littafin ga wata 'yar aji biyu, wadda ta tafi da shi wani ƙauye inda aka tura ta koyarwar gwaji. Da Barira ta ce hadda ta yi, 'yan ɗakinsu ma ba su yarda ba, domin duk wanda aka taɓa kamawa abin da yake faɗa ke nan. Daga ranar kowa ya koma kulle akwatinsa, kamar dai mai satar amsa za ta saci sabulu.

Nafi'u ne na farko. Dakta Isiyaku bai yi niyyar bi ta majalisa ba sam. Ya ɗauki takardun biyu ya nufi ofishin shugaba, inda ake zaman hukuma da ƙarfe goma na safe, kuma da sun shiga can an gama da Barira kafin azahar. Nafi'u ya samu labari, ya tare shi a baranda. Ku sani, wannan Dakta shi ne ke duba aikin binciken da Nafi'u zai kammala karatu da shi, yana iya riƙe shi shekara guda ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙarar ta riga ta shiga rajistarmu," in ji Nafi'u.

"Yaushe?"

"Da safen nan."

Dakta ya miƙa masa takardun, ya ce, "Za mu haɗu a kan aikinka." Gaskiyar magana ita ce ƙarar ba ta shiga ko'ina ba. Sai da Dakta ya juya baya Nafi'u ya ruga ya rubuta ta. Da Barira ta ji, ba ta gode ba. A ranta cewa ta yi suna yake nema, yana so a ce majalisarsu ta kama babban kifi, ita ce kuma kifin.

Saratu ce ta biyu. Ta zo ɗakin su Barira fuska ba walwala, ta zazzage akwati, ta ɗaga katifa, ta yi wa 'yan ɗakin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Barira na tsaye tana kallo, baƙin ciki ya cika ta, musamman da ta ji cewa Saratu da Sabi'u 'yan gari ɗaya ne. Ta ce shi ke nan, an turo mai binne ta. Amma ita Saratu wani abu ne ya tsaya mata a rai: mai leƙen takarda yakan tsallake layi, yakan canza kalma don ɓad da sawu, wannan kuwa ko waƙafi bai ɓata ba. Ta yanke shawarar nemo littafin da Barira ta ce ta haddace. Abokin aikin da ƙa'ida ta ce ta tafi da shi aminin Sabi'u ne, tana kuma tsoron kada ya yi waya littafin ya ɓace kafin su isa. Sai ta tafi ita kaɗai ba tare da ta gaya wa kowa ba. Damina ce, mota ta sauke ta inda kwalta ta ƙare, ta hau acaɓa, acaɓa ya maƙale a laka, ta cire takalmi ta ƙarasa da ƙafa. Ta dawo da littafin a cikin leda, da mura. Ba ta tsaya nan ba, ta bi masu shagon kwafi na bakin ƙofar kwaleji har ta gano cewa shekara huɗu da suka wuce an yi kwafin wannan littafin, kwafin ya shiga ɗakunan maza, yana ta yawo har ya iso hannun Sabi'u. Shi Sabi'u ya ɓoye maganar ne don ya ga zargin bai biyo ta kansa ba.

Mudassir ne na uku, kuma a gabansa abin ya nemi lalacewa. Su biyar ne a kwamitinsa. Biyu suka ce littafi ya wanke ta. Biyu suka ce littafin bai wanke komai ba: Sabi'u ya haddace, ita ta kwafa daga bayansa, daga baya ta fake da littafi. Suka ƙara da cewa Saratu ta fita ita kaɗai, wa ya san abin da aka ƙulla a hanya? Ƙuri'a ta rage ta Mudassir, shi kuwa ya ƙi jefawa. Mahaddacin Alƙur'ani ne, ya san yadda ake gane wanda karatu ya zauna masa. Ya sa aka kira Barira da rana tsaka ba tare da an faɗa mata dalili ba, mako uku bayan jarrabawa, littafin kuma bai sake shiga hannunta ba tun da ta ba da shi. Ya buɗe wani shafi da bai fito a jarrabawar ba ko kaɗan, ya karanta rabin layi daga tsakiya, ya ɗaga kai.

"Malama Barira, ci gaba daga nan."

Kanta ya ɗauke. Ta dubi fuskoki biyar, ta ga biyu har sun fara murmushi, ta ce a ranta tarko Mudassir ya ɗana mata. Ta tuna babanta da ya riga ya gaya wa duk garinsu cewa 'yarsa ta kusa zama malama. Har wani ya fara tattara takardunsa. Mudassir ya sake karanta rabin layin, a hankali, irin yadda ake yi wa ɗalibi a gaban allo. Sai ta rufe ido, jikinta ya fara ɗan rausayawa gaba da baya, karatun ya zubo. Ta yi shafi uku. Ya tsallaka baya, ta bi shi. Ya koma gaba, ta bi shi. A nan aka wanke ta da ƙuri'a biyar, aka wanke Sabi'u daga sata, aka yi masa gargaɗi a kan shirun da ya yi. Dakta Isiyaku ya rage musu maki a kan maganar jigawa da fadama, wannan kuwa ko Barira ba ta yi gardama ba.

Da rahoto ya isa ga shugaban kwalejin, ya ce majalisa ta tsira, amma daga yanzu mutum ɗaya yake so a samansu wanda zai riƙa kamawa idan abu ya ɓaci. Aka tara ɗalibai don zaɓe tsakanin shugabannin kwamitocin uku, sai zauren ya rikice, domin asirin kowa ya fito. Mutanen Saratu suka ce Nafi'u ya yi wa malaminsa ƙarya, ta yaya maƙaryaci zai shugabanci Majalisar Amana? Mutanen Mudassir suka ce Saratu ta taka ƙa'idar fita bibbiyu, ta kuma nuna ba ta yarda da ɗan kwamitinta ba. Mutanen Nafi'u suka ce Mudassir ya ƙirƙiro gwajin da babu shi a ƙa'ida, ya yi caca da makomar baiwar Allah, da tsoro ya ƙara riƙe ta na minti ɗaya da yanzu tana gida. Aka ƙirga hannuwa sau biyu, ba wanda ya yi rinjaye. A ƙarshe wani ya miƙe ya ce a bar wa Barira zaɓin, tunda ita kaɗai ce ta ratsa ta hannun su ukun.

Barira ta miƙe tsaye, kunya ta rufe ta, domin ta san babu ɗaya a cikinsu da ba ta zarga da mugun nufi ba. Ta dubi Nafi'u, wanda har ranar Dakta bai sa hannu a aikinsa ba. Ba don ƙaryarsa ba, da an kore ta kafin kowa ya ji ta bakinta. Ta dubi Saratu, wadda ke ta tari a cikin mayafi. Ba don tafiyarta ba, da babu littafin da za a buɗe. Ta dubi Mudassir. Ba don gwajinsa ba, da littafin ya zama tarin takarda kawai, ita kuma ta koma gida hannu wofi da sunan ɓarauniyar amsa. Kowannensu ya cece ta, kowannensu kuma sai da ya karya wani abu kafin ya cece ta.

Ni a nan na tsaya, don ban zo in rage muku aiki ba. Ku ne Barira yanzu, zaure duka na jiran suna ɗaya daga bakinku. Tsakanin Nafi'u da Saratu da Mudassir, wa za ku damƙa wa amanar majalisar?