Tasalla Mai Agwagi da Goruna Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso bakin tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne."

Wata mata ce ana ce mata Tasalla Mai Agwagi. Gidanta ne na ƙarshe a garinsu, daga shi sai tafki. Tafkin nan wani rafi ne ke cika shi. Ya gangaro daga duwatsu, ya ratsa gonaki, ya zo ya kwanta a bayan danganta. A nan gari ke wanki, a nan dabbobi ke sha, da rani kuma idan rijiya ta ja baya har tuluna ake cikawa.

Tasalla mace ce mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Agwaginta sun fi hamsin, kullum da hantsi sai ta buɗe musu, su jera su nufi ruwa. Tana zaune da jikarta Hansai, 'yar shekara biyu da aka kawo mata yaye. Yarinya ce mai surutu, ba ta barin kowa ya huta.

Ana nan ana nan, sai aka ga zinare a duwatsu. Sai maza suka kwashi diga da shebur suka hau. Shugabansu wani ƙaƙƙarfan mutum ne ana ce masa Cindo. Su fasa dutse, su cika buhu, su ɗora wa jakuna, su kawo cikin gari. Mata su daka shi a turmi har ya zama gari, a ba su gero ladan daka, a mayar da garin bakin rafi a wanke. Kowane gida sai ƙarar taɓarya. Tasalla kuwa ta fi kowa, buhu biyu take dakewa kafin azahar.

Da damina ta faɗi, sai tafki ya juye ja kamar an dama kunun dawa. Sai agwagi suka fara yin ƙwai mai laushin ɓawo. Sai wuyansu ya riƙa langaɓewa. Yau a tsinci biyu a mace, gobe a tsinci huɗu.

Maƙwabta suka ce, "Tasalla, an yi miki sammu."

Wasu suka ce, "Aljanun tafki ne suka yi fushi."

Ta ce, "Shekara talatin ina maƙwabtaka da aljanun nan, ko ƙwai ɗaya ba su taɓa fasa mini ba. Ruwan nan daga sama yake zuwa, ni kuwa ina da ƙafa. Zan bi shi in ga wanda ya taɓa shi."

Sai ta goya Hansai, ta rataya goruna biyu, ta kama bakin rafi.

Tana tafiya, tana tafiya, sai ta iso gonar Nomau. Nomau babban manomi ne, kuma taubashinta ne, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Ta tarar ya sare itatuwan bakin rafi kaf, ya tumɓuke ciyawar jema da ke riƙe da gaɓa, ya ja kunya har cikin ruwa. Ga shi durƙushe yana wanke tankin feshi a rafin, ga buhunan takin zamani a gefe.

Ta ce, "Sannu da aiki, Nomau. Yau rafi kake yi wa maganin ciyawa?"

Ya ce, "Ke tsohuwar agwagwa, me ya fito da ke?"

Ta ce, "'Ya'yana ke mutuwa. Me kake zubawa a ruwan nan?"

Ya ce, "Ɗan ɗauraye ne kawai, ruwa zai tafi da shi."

Ta ce, "Ya tafi da shi ina? Ƙofar gidana?"

Ya ce, "Ni noma nake yi, abinci nake ba gari. Jan ruwan nan na su Cindo ne. Hau gaba."

Sai ta tsoma gora a ƙasan gonarsa, ta cika, ta toshe, ta wuce.

Tana tafiya, tana tafiya, sai ta iso duwatsu. Wurin da ta sani da kiwo ya zama ramuka, rami na bin rami, an juye jar ƙasa a kan baƙa, ko tsiro ɗaya babu. Maza na tsaye cikin rafi har gwiwa, suna juya tasa, laka na gangarawa.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Ina Cindo?"

Ya fito yana share gumi, ya ce, "Ga ni, Inna. Buhu ya ƙare ne?"

Ta ce, "Agwagina ne ke ƙarewa. Me kuke zubawa a ruwan nan?"

Ya ce, "Ƙasa ce kawai, ruwa zai tafi da ita."

Ta ce, "Ya tafi da ita ina? Ƙofar gidana?"

Ya ce, "Mu haƙa muke yi, arziki muke kawo wa gari. Guba tana wurin masu feshi. Koma baya."

Sai ta tsoma gora ta biyu, ta cika, ta toshe. Ta ce, "Ran Juma'a mu haɗu a ƙofar Maigari, kai da Nomau. Kowa ya zo da bakinsa."

Da ta koma gida, sai ta kulle sauran agwagin a tsakar gida. Ta hana su tafki, ta riƙa ba su ruwan rijiya. Ta ce yanzu kam ta tsare su. Ta ci gaba da dakanta, ƙura na tashi tana sauka, agwagi na tsattsagar ƙasa a gindin turmi, Hansai na wasa a tsakaninsu tana kai hannu baki.

Kwana uku ba su cika ba, sai agwagi biyar suka kife a tsakar gida. Tasalla ta tsaya a kansu. Waɗannan ba su ga tafki ba. Tana cikin juyayi sai ta ji shiru, ba muryar Hansai. Ta waiga, sai ta ga yarinya a ƙasa tana jijjiga, ido ya kafe.

Ba ta tsaya kururuwa ba. Ta saɓe ta, ta tari mai amalanke, suka nufi asibitin babban gari. Aka karɓi yarinya, aka ɗebi jininta. Can sai malamar asibiti ta fito.

Ta ce, "Iya, kuna dakan dutse a gida?"

Tasalla ta ce, "Ni ce ma gwanar."

Malama ta ce, "Akwai dalma a cikin dutsen nan. Idan aka daka, sai ta bi ƙura ta kwanta a ƙasa. Yaro ya ci da hannu, tsuntsu ya ci da baki, ruwan sama ya kwashi saura ya kai inda zai kai. Za mu ba ta magani, amma in ta koma kan ƙasar nan, aikin banza muka yi."

Tasalla ta aika aka kira uwar yarinya ta zauna jinya, ita kuma ta koma gida. Ta tarar an yi ruwa. Sai ta ga ruwan tsakar gidanta ya wanke gindin turmi, ya bi rariya, ya fita bayan danga, ya miƙe cikin tafki. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ɗauko wata gora, ta tara a bakin rariyar har ta cika.

Ran Juma'a bayan an sauko, gari ya taru a ƙofar Maigari. Ga Nomau, ga Cindo, kowa na hararar ɗan'uwansa. Sai ga Tasalla da goruna uku da fararen kwanuka uku, tana mirgino turminta da ƙafa.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na kawo wa baƙinka."

Ta tsiyaya ta farko, ruwan na kumfa yana wari. Ta ce, "Nomau, na gonarka ne. Bismilla."

Ya ce, "Azumi nake yi."

Mutane suka kwashe da dariya, don kowa ya ga goro a bakinsa.

Ta tsiyaya ta biyu, ja mai kauri. Ta ce, "Cindo, na wurin aikinka ne. Bismilla."

Ya ce, "Inna, ba na jin ƙishi."

Ta tsiyaya ta uku. Wannan ya kwanta, ya yi garau kamar na randa.

Maigari ya ce, "To wannan ai mai kyau ne. Na ina ne?"

Ta ce, "Kada ka taɓa shi, ranka ya daɗe. Na gidana ne, kuma ya fi biyun nan mugunta. Shi ya kwantar da jikata a asibiti. Na hau dutse neman mai laifi, ashe turminsa na tsakar gidana. Mu ukun nan duk mun zuba, kowa na cewa ruwa zai tafi da shi."

Ta gaya musu abin da malamar asibiti ta ce, ba ta rage komai ba. Mata suka fara duban 'ya'yan da ke goye a bayansu.

Cindo ya ce, "To mu bar haƙa mu ci me?"

Ta ce, "Wa ya ce ka bari? Ka fitar da daka bayan duwatsu, nesa da yara. Ka haƙa ramin wanki daban, nesa da rafi, laka ta kwanta a ciki. Ramin da ka gama da shi ka cike, jar ƙasa a ƙasa, baƙa a sama, yadda ka same ta."

Nomau ya ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Kai ka ja baya taku goma daga gaɓa, ka mayar da jema da itatuwa. Tankinka ka wanke shi a tudu. Taki kuma ka sa daidai cikin shuka, ka haɗa da na shanu."

Ya ce, "Taku goma! Ki yanki naman jikina mana."

Maigari ya shafa gemu ya ce za a duba. Tasalla ta san ma'anar za a duba. Ba ta jira ba. A ranar ta sa aka haƙa rami mai zurfi a kan tudu, aka binne turmi da taɓarya. Washegari ta yayyafa wa tsakar gidanta ruwa don kada ƙura ta tashi, ta ɗaure hanci, ta ɗauki fartanya ta kankare ƙasar duka. Ta kai ta ramin a kan jaki, ta ɗebo sabuwa daga wurin da ba a taɓa daka ba. Maƙwabciyarta ta leƙo ta gani, sai ta ɗauki fartanya ita ma. Kafin mako ya zagayo, ba gidan da ba a kankare ba, ba kuma macen da ke karɓar buhu.

Cindo ya ce zai gani ko wa zai gaji. Sai mata suka daina kai fura da tuwo duwatsu. Kwana ɗaya, kwana biyu, a na uku yaransa suka ajiye diga suka ce ba sa haƙa da yunwa. Sai ga Cindo a ƙofar Tasalla, ya cire hula.

Ya ce, "Inna, a ina kika ce a haƙa ramin wankin?"

Nomau shi ya fi taurin kai. Ya ƙi ja da baya ko taku ɗaya. Ruwan Agusta ya zo, gaɓar da ba ta da saiwa ta zabtare, kwazazzabo ya buɗe ya cinye kusan rabin gonar, dawa da ƙasa duk suka bi rafi. Da safe sai ga shi da kwando, yana sunkuyar da kai.

Ya ce, "Taubashiya, an ce kina da saiwar jema a bayan danga."

Ta ce, "Goma na ce maka, ruwa ya karɓi hamsin. Ɗauko kwandon, mu je in taya ka dasawa."

Hansai ta warke, aka dawo da ita kan sabuwar ƙasa. Tana ci, tana tafiya, tana wasa, amma bakin nan mai surutu ya rufe. A kira ta ta waigo, a yi mata magana ta yi murmushi, shi ke nan. Tasalla ba ta fasa ba. Kullum tana yi mata hira kamar ana amsa mata.

Damina ta farko ruwa ya rage ja. Ta biyu jema ta kama gaɓa, ciyawa ta rufe ramukan da aka cike. A ta uku, ran nan aka yi ruwa da la'asar, ya ɗauke gab da magariba. Tasalla na zaune a ƙofar gida tana tsince wake, Hansai na gefenta. Sai wani kuka ya tashi daga tafki, ɗaya ya fara, goma suka amsa, can sai tafkin duka ya ɗauka. Kwaɗi ne. Rabon garin da jin su har an manta.

Hansai ta miƙe, ta ƙura wa tafki ido. Sai ta ja zanen kakarta.

Ta ce, "Kaka, su wane ne?"

Ƙwaryar wake ta suɓuce daga hannun Tasalla. Ba ta ko dubi waken ba. Ta ce, "Me kika ce, uwata?"

"Su wane ne ke kuka?"

Tasalla ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga ta ta saɓa a kafaɗa. Ta ce, "Masu gida ne suka dawo. Zo mu je ki gaishe su."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya. Ku dai ku riƙe wannan: abin da kuka zuba a ƙasa ko a ruwa bai ɓace ba, gidan wani ya nufa. In kuma za ku nemi mai laifi, ku fara leƙa tsakar gidanku.