Goɗiyar da Jatau Ya Kasa Rantsewa a Kanta

An ce wai a wani gari na bakin hamada akwai makiyaya mai faɗi wadda ba ta kowa ba ce, cikinta kuma dawakin jeji ne da ba su taɓa sanin linzami ba. Dokar garin ita ce, wanda duk ya kama ɗaya a ƙwace kayansa, a kore shi a ƙasa, ba abin hawa.

Wani matafiyi mai suna Jatau ya biyo ta nan a kan goɗiyarsa mai farin goshi, zai koma gida Agadas. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya saki goɗiyar ta yi kiwo, bai miƙe ba sai da damina ta wuce. Da ya shiga makiyayar sai ya tarar da masu farin goshi birjik, duk sun yi ƙiba, duk gudunsa suke yi. Da ƙyar ya kamo ɗaya, har ta gantsara masa cizo a kafaɗa. Barmo, mai tsaron makiyayar, ya tasa shi gaba sai wurin Alƙali Zubairu.

Alƙali ya ce, "Baƙo, za ka rantse taka ce?"

Jatau ya san ba a ƙetare hamada a ƙasa. Ya dube ta, ya sake dubawa. Goshin nata ne, amma idon ba nata ba ne.

Ya ce, "Allah gafarta malam, da safe na tabbata. Yanzu wallahi ban sani ba. Tawa ba ta cizo."

Barmo ya ce, "To, shi ke nan! Da bakinsa ya faɗa."

Alƙali ya dubi goɗiyar. Ya sauko daga buzunsa, ya je gaban goɗiyar hannu wayam, ya tsugunna dab da ƙafafunta. Jatau ya ɗauka tsufa ne ya taɓa malam. Goɗiyar ta yi huci, ta karce ƙasa. Can sai ta yi tsit, ta haɗa ƙafafunta na gaba wuri ɗaya tana jira.

Alƙali ya miƙe ya ce, "Dabbar da ta sha doguwar tafiya, kowane zango dabaibayi ake yi mata. Ga shi babu igiya a hannuna, amma ta miƙo ƙafa. Dokarmu 'ya'yan jeji take tsarewa, wannan kuwa 'yar hanya ce. Ɗaura sirdinka."

Jatau ya ce, "Ashe tawa ce, malam?"

"Wannan ban sani ba. Na dai san ba ta jeji ba ce."

Jatau ya hau yana hawaye, ya rasa na murna ne ko na baƙin ciki. Ta manta shi sarai, amma ba ta manta igiyarsa ba.

Wanda ya daɗe a ɗaure, ko an kwance shi ƙafarsa na tunawa.