Manomin da Ya Yi wa Littafinsa Noma

Akwai wani manomi a wani ƙauye wanda kowa ya san shi da tsabtar gona. In ka bi ta gefen gonarsa da damina, ba za ka ga ko tsinken ciyawa a kan kunya ba. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, sai dai abu ɗaya yana damunsa. Furfura ta fara fito masa, amma bai taɓa karanta Maganar Allah da idonsa ba, kullum sai dai a karanta masa. Babban burinsa shi ne, kafin idonsa ya dushe, ya tsaya gaban jama'ar Ubangiji ya karanta ko da layi ɗaya ne.

Da aka gama girbi aka zuba hatsi a rumbu, sai ikkilisiya ta buɗe ajin koyon karatu da rubutu na manya. Aka kawo allo da alli, aka rataye babbar takardar haruffa a bango, aka ba kowa littafin rubutu da fensir. Malamin ajin, Malam Habila, ya ce za a rufe ajin da saukar ruwan farko, gama kowa zai koma gona. Ya kuma ce waɗanda suka iya za su yi karatu a sujada ranar rufewa. Manomin nan ya yi murna ƙwarai, shi ne ma na farkon zuwa kowace rana.

Al'adar malamin ce, in an yi rubutu, ya bi kowane littafi da jan biro. Inda aka yi kuskure sai ya kewaye, ya rubuta daidai a gefe. Da manomin ya koma gida ya buɗe nasa, sai ya ga shafin ya yi ja ko'ina, kamar gonar rago da ciyawa ta cinye. Abin ya yi masa ciwo. To, mutumin da ya yi shekara da shekaru da fartanya a hannu, me ya sani game da ciyawa in ba cirewa ba? Sai ya yage shafin, ya jefa a murhu, ya kalli farar takardar da ta saura, hankalinsa ya kwanta. Haka ya riƙa yi kullum.

Wata rana matarsa ta ɗaga littafin ta ce, "Maigida, littafin nan naka kullum ramewa yake yi. Ko ba ka ba shi abinci ne?"

Ya ce, "Noma nake yi masa."

Gwanin noma bai san cewa bibbiyu ake ɗinke takardun littafi ba. In ka yage ta gaba, 'yar'uwarta ta baya sai ta saki ta faɗi. Ga shi kuma kuskuren jiya shi yake maimaitawa yau, domin ba inda zai duba ya ga gyaransa. Abokansa suna ta haɗa kalmomi, shi kuwa yana nan inda yake.

Da gajimare ya fara taruwa a gabas, malamin ya ce, "Kowa ya koma shafukan baya, mu bi abin da muka koya." Kowa ya buɗe. Manomin ya buɗe nasa, ba kome a ciki sai bango da 'yan fararen takardu. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Da aka tashi, malamin ya zo ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, ina aikinmu?"

Ya ce, "Malam, na ƙone shi. Ban so a ga ɓarnata ba."

Malamin ya ce, "Baba, ai duk inda ka ga jan biro, wurin ne na tsaya a kanka na daɗe. Ba ɓarnarka kaɗai ka ƙone ba, har da taimakona."

Sai ya ɗauko masa sabon littafi. Daga ranar manomin bai ƙara yage ko shafi ɗaya ba. Littafin ya yi ja, ya yi kauri, har da tabon manja a gefe, shi kuwa karatu ya fara zama a bakinsa. Ranar rufe aji ya miƙe a gaban jama'a, ya fara karatu. A tsakiya ya yi tuntuɓe a kan wata kalma. Malamin ya gyara masa daga inda yake zaune, kowa yana ji. Manomin ya ce, "Na gode, Malam," ya maimaita ta daidai, ya ci gaba har ƙarshe. Ya koma mazauninsa cike da farin ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce: littafin nan rayuwarmu ce, malamin kuwa Ubangiji ne, jan biron kuma gyaransa ne. Wani lokaci gyaran yakan zo ta wurin wa'azi, wani lokaci ta bakin uwa ko uba, ko ɗan'uwa mai bi wanda ya ƙaunace mu har ya faɗa mana gaskiya. Da yawa daga cikinmu mun fi son a gan mu fes a kan mu gyaru. In an tsawata mana, sai mu daina gaisuwa da wanda ya tsawata, ko mu ƙaurace wa sujada. In muka yi haka, albarkar da ke ɗinke da gyaran ita ma sai ta faɗi, mu kuma mu koma wa laifin jiya.

'Yan'uwa, Ubangiji ba ya gyara wanda ya fid da rai a kansa. In an gyara ka a wannan mako, kada ka ji kunya, kada kuma ka yi fushi. Ka gode, gama har yanzu Malaminka yana zaune kusa da kai.